Na Je Jaje, Na Binne Hujja

A shekarun da ƙafata ke hawa benayen kasuwar Zhanxi ta ƙasar Sin ba tare da ta nemi izinin gwiwa ba, akwai wata mai shagon takalma da ba na wucewa. 'Yar ƙasar ce, ba ta kai babbar 'yata a shekaru ba, ga kaifin baki, ga saurin hannu a kan kalkuleta. Ni ina ce mata laban, yadda ake kiran mai shago a can, ita kuma tana ce mini Baba, don ta ji 'yan Kano suna faɗa. Karatuna na boko ya tsaya tun ban iya ɗaure tazuge da kyau ba. Turancina ɗan na ciniki ne, Sinancina kuwa gaisuwa ce da godiya da meyo, wato babu. Da wannan ɗan jarin na yi shekaru ina cika kwantena, har idan na koma gida nake zama a majalisa ina ba da fatawa a kan ƙasar Sin.

Wani zuwa da na yi na same ta idanu sun kumbura. Na nemi samfur, ta miƙo mini ƙafar hagu biyu ba ta lura ba. Da wata rana ce da na tsokane ta har sai ta kore ni, amma ranar bakina ya ƙi. Na kira abokina a waya, wani ɗan zangon Kumasi mai ɗan ofis a unguwar Dengfeng, wanda ke yi mana lodin kaya zuwa gida. Na girme shi nesa ba kusa ba. Yana ce mini Yaya idan muna shiri, ya ce mini Bakano idan na ɓata masa rai. Shi yana jin yaren mutanen sosai. Ya zo ya saurare ta, sannan ya juya mini.

Ashe mahaifinta mai kiwon kifi ne, can kudu da birni inda kogi ke shiga teku. Ba a kududdufi suke kiwon ba. Raga ake ɗaurawa a jikin katako da durom na roba, ta zama keji a cikin ruwan tekun. Wani jirgin dakon mai ya yi karo da wani jirgin a cikin hazon teku, cikinsa ya fashe, baƙin mai ya biyo iska har gaɓarsu. Kifin da tsohon ya daɗe yana ciyarwa, saura ƙiris a kwashe a kai kasuwa, duk ya taso ciki sama. Kuɗin ƙananan kifin da zai sake zubawa a cikin wannan kifin suke. Idan ba a biya shi diyya ba, ya gama kiwo ke nan, kuma tsohon bai iya komai ba sai shi.

Na ce to, sai mu je jaje.

Ɗan zango ya ce mutanen nan ba su san wannan ba, in ce mata Allah ya mayar da alheri ya wadatar. Na ce shi da ya tashi a bakin daji me ya sani game da zumunci. Na ci arziki a shagon yarinyar nan, ba zan ji ubanta ya yi asara in tsaya ina taya takalmi ba. Ita ma da aka gaya mata ta yi ta kallona kamar na ce zan raka ta wanka. Amma washegari dama za ta je, sai ta ce idan muna so mu biyo ta.

Sai na faɗi abin da jaje yake nufi a wurina, don a gane inda hankalina ya tafi daga baya. Ina yaro wuta ta ci rumfar mahaifina a kasuwa. Maƙwabtansa ba su bar shi ya matso wurin ba. Wasu suka zaunar da shi a gida suna ba shi baki, wasu suka tafi da shebur da kwando. Kafin ya taka ƙafarsa kasuwa an kwashe toka, an share fili, an yayyafa ruwa, har an kafa sababbin dirkoki. Bai taɓa ganin gawar dukiyarsa da idonsa ba, kuma har ya rasu yana sa wa mutanen nan albarka. A haka na tashi: ba a barin mai asara ya zauna yana kallon asararsa.

Muka kama mota da sassafe, ni na ci ado da farar shadda mai aiki, don ba a zuwa gidan mutane a wulaƙance. A hanya ɗan zango ya fara yi mini bayanin yadda ake biyan diyyar irin wannan ɓarna, don harkar jiragen ruwa sana'arsa ce. Na katse shi. Na ce ni ɗan ƙasar mai ne, tun kafin a haife shi muke bin layin mai, babu abin da ɗan ƙasar koko zai koya mini a kan mai. Ya ce shi ke nan. Na jingina kai da taga, ban farka ba sai da wari ya tashe ni.

Ƙauyen ɗan ƙarami ne, gidajen bulo a jere suna fuskantar ruwa. Gaɓar ta yi baƙi kamar an zuba kwalta, can nesa ana ganin mutane da fararen kaya suna aikin tsane man. A ƙofar kowane gida akwai tsibin mataccen kifi a kan tamfol da tulin raga baƙi ƙirin. Na gidansu ma haka. Tsohon yana zaune a kan 'yar kujera, siriri, fatarsa ta ƙone da rana, sigari a yatsa ya cinye kansa bai zuƙa ba. Idonsa yana kan kifin. Ƙudaje sun rufe tsibin har ba ka gane launinsa.

Na durƙusa na yi masa jaje da Hausa, yadda ya kamata, ɗan zango yana juyawa. Na ce ya yi haƙuri, Wanda ya ba shi na farko yana nan. Ya gyaɗa kai, ya sa aka kawo mana shayi. Ina kurɓa ina kallon maƙwabta suna wucewa ta gaban tsibin, kowa ya toshe hanci, babu wanda ya ɗauki ko tsinke. Na ce a raina, a yi ta gina dogayen benaye da jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa, amma ga dattijo an bar shi da ruɓaɓɓen kifi a ƙofar gida. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a majalisa.

Ba a jima ba aka ce duk masu asara su hallara a ofishin hukumar yankin, mutanen inshorar jirgin sun zo. 'Yar ta kama hannun ubanta, ɗan zango ya ce zai bi su ya ji yadda ake ciki. Ni na ce gwiwata tana ciwo, kuma me zan ji a taron da ba na gane ko tari. Gaskiya gwiwar lafiyarta lau. Na riga na hango shebur da baro a gefen gida.

Garin ya watse, ya rage daga ni sai karnuka sai wata tsohuwa tukuf da ke zaune a ƙofar gidan da ke kallon nasu. Na tuɓe babbar riga na rataye, na naɗe ƙafar wando. Na yi dako a ƙuruciyata, kuma jikina bai manta ba. Bayan gidan yashi ne mai laushi, na haƙa rami mai faɗi, na dinga lodin kifin a baro ina juyewa. Manyan kifaye ne, wasu sun kai tsawon hannuna, man ya like musu baki. Warin ya sa na yi amai, na kurkure baki na ci gaba, ina jin kaina wani bawan Allah na musamman. Tsohuwar nan ta taso da sandarta, ta zo tana magana da ƙarfi tana kaɗa hannu. Na san wannan. Haka matanmu ke yi idan baƙo ya ɗauki tsintsiya, a ce haba, bari, kada ka wahalar da kanka. Na dafa ƙirji na yi mata godiya da yarensu, na ƙara sauri. Ta yi ta yi, ta gaji, ta koma ta zauna.

Da na rufe ramin na daddale shi da bayan shebur, sai na juyo kan ragar. Ruwa da omo ba su yi mata komai ba, man ya kama kamar danƙo. Nan ilimina na ɗan ƙasar mai ya motsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da garejin bakanike ya san baƙin mai ba ya jin sabulu sai an fara kashe shi da ɗan'uwansa. Na leƙa rumfar da tsohon ke ajiye injin kwalekwalensa, na sami jarka cike da dizal. Na shimfiɗa ragar, na yayyafa mata, na murje, na bi da omo, na sa tiyo na ɗauraye. Baƙin ruwan ya bi kwata ya gangara inda ya fito. Ragar ba ta koma sabuwa ba, amma korenta ya fito. Na shanya ta a kan katanga, na wanke tamfol, na share ƙofar gida, na yayyafa ruwa. Sannan na yi alwala, na yi azahar, na mayar da shaddata, na zauna a kan kujerar tsohon ina jiran su dawo. Har na shirya abin da zan ce idan sun fara godiya: ba komai, yi wa kai ne.

Sun dawo la'asar sakaliya, kuma ba su kaɗai ba. Akwai wani mutum mai dogon takalmin roba, da sikeli a hannu da akwatin ƙananan kwalabe. Shi ne mai ƙiyasta ɓarna, yana bi gida-gida. Suka tsaya a inda tsibin yake. 'Yar ta dubi ƙasa, ta dubi katanga, ta dube ni. Tsohuwar nan ta taso tana nuna ni da sanda tana zuba bayani. Ba wanda ya ɗaga murya. Tsohon ya je ya kama gefen ragar, ya kai hanci, ya sake ta.

Ɗan zango ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Bakano, ina kifin?"

Na ce na binne.

"Da me ka wanke ragar?"

Na gaya masa, har da ɗan alfahari, don ban gama farkawa ba. Ya rufe ido ya yi salati a hankali. Sannan ya yi mini karatun da na ƙi ji a mota, a tsaye, a gaban mutane, da Hausar da ba wanda ke ji sai mu biyu, kuma wannan ne kaɗai rufin asirin da na samu ranar.

Ya ce a dokar teku mai jirgin dakon man shi ke biya, ko da gangan ko ba da gangan ba, ko da ma matuƙin ɗaya jirgin ne ya yi ganganci. Shi ya sa ba a barin irin jirgin nan ya yi lodi sai yana da inshora. Amma akwai iyakar abin da za a ɗora masa, gwargwadon girman jirgin, abin da ya haura sai a nema a wani asusu da masu shigo da mai ke zuba wa kuɗi. Duk ƙauyukan gaɓar nan tukunya ɗaya suke jira, kuma ba a zuba wa kowa sai ya nuna asararsa. Kifin nan an bar shi ne a auna. Ragar an bar ta ne a gani, a yanki samfur, a gwada man da ke jikinta da wanda ke cikin jirgin, don kowane mai yana da kamanninsa. Hoton da 'yar ta ɗauka a waya ba ya hawa sikeli, ba ya shiga kwalba. Abin da na gani na kira rashin zumunci, mutane ne ke gadin hujjarsu, suna haƙuri da wari.

"Yanzu man da ke jikin ragar nan na injinsa ne," in ji shi. "Ka wanke wa mai jirgi laifi tas, Yaya. Ko lauyansa bai yi masa aikin da ka yi ba."

Na sha jin kunya a rayuwata. An taɓa kama ni na ci abinci a gidan biki da ba a gayyace ni ba, wando ya taɓa tsinke mini a sahun gaba. Duk waɗannan kunyar da ake dariya ce. Wannan kuwa ta sauko mini har gwiwa, gwiwar da na yi ƙarya da ita ta fara ciwon gaske. Na kasa duban tsohon. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kujerarsa da nake kai, na rasa yadda zan tashi daga kanta ba tare da kowa ya ga na tashi ba.

Mai ƙiyastawar mutumin kirki ne. Ya saurari 'yar, ya duba agogo, ya ce abin da bai gani ba ba zai rubuta ba, amma idan an tono kifin kafin ya gama da gidajen da suka rage, zai dawo ya auna. Ban jira an juya mini ƙarshen maganar ba na ɗauki shebur. Wannan karon ban tuɓe rigar ba, ban ma tuna da ita ba. Ɗan zango ya cire agogonsa ya kama baro yana tsaki. Tsohon ya kawo wani shebur ɗin ya shiga ramin tare da ni, kafaɗa da kafaɗa.

Binne kifi aiki ne, amma tono shi azaba ce. Wanda ya shiga ramin da jikinsa ya fito a farfashe. Bayan sheburin da na daddale ramin da shi ya gama da na sama, nauyi ya gama da na ƙasa. Muna ɗagowa yana zubewa, rabi kifi rabi yashi. Maƙwabta suka taru suna kallo. Wani ya ce wani abu aka yi dariya, na tambayi ɗan zango me aka ce, ya ce in ci gaba da aikina. Da mai ƙiyastawar ya dawo ya auna abin da ya aunu, ya ce dole ya rage nauyin yashi, wanda ya narke kuma ba shi da yadda zai yi da shi. Ya buɗe bakin wasu kifayen ya kankare man da ke ciki ya sa a kwalba, ya ce wannan zai yi. Ragar kuwa ya shinshina, ya rubuta abin da ya rubuta.

Da za mu tafi na tsaya gaban tsohon na ce ɗan zango ya gaya masa na yi kuskure, ya yafe mini. Ya saurara, ya dube ni daga hula har takalmi, shaddar nan ta koma tsumman bakanike. Ya yi magana gajeriya. Wai ya ji, kuma in wanke hannu da toka, ta fi sabulu cire ƙarni. Ban sani ba ko yafewar ke nan. A motar komawa mutane suka dinga tashi daga kusa da mu. Da muka hango fitilun birni sai ɗan zango ya ce daga yau idan na sake cewa ni ɗan ƙasar mai ne zai bar kayana a tashar jirgi su yi tsatsa.

Na gama sarin wannan zuwan a wasu shagunan. Nakan zagaya ta wani matakalin don kada in bi ta gabanta, ni da furfurata ina laɓe-laɓe a bayan kwalayen takalma.

Sai a zuwa na gaba na yi ƙarfin hali. Na ja ɗan zango muka je. Ta karɓe ni ba yabo ba fallasa, ta ba ni kujera. Na tambayi jikin mahaifinta da maganar diyya. Ta ce maganar tana kotun da ke shari'ar harkokin teku, ana ta tantance masu nema, amma an fara ba da wani abu. An amince da asarar kifinsu, sai dai a kan nauyin da aka samu bayan tono, wanda bai kai abin da ya mutu ba. Raga kuwa maƙwabta an rubuta musu kuɗin sabuwa, su an ce tasu an wanke ta, kuma ba a iya tabbatar da man da ya ɓata ta ba. Ga shi ba ta da amfani, ƙananan kifi ba sa rayuwa a ragar da ta sha dizal. Tsohon yana da kuɗin 'ya'yan kifi kaɗan, ba shi da inda zai zuba su.

A nan na yi abin da duk Bakano mai mutunci zai yi. Na gyara zama na ce a gaya mata ni na ɓata ragar, ni zan saya.

Na faɗa da ƙarfi, har na ji daɗin muryata. A wurinmu an san yadda wannan ke tafiya. Kai ka yi tayi, shi ya ce haba, Allah ya kiyaye, ai ƙaddara ce. Ka sake yi, ya rantse ba zai karɓa ba. Ka ce to ko rabi, ya ce ka daina wannan magana kada ka ɓata zumunci. A rabu kowa da girmansa, aljihunka bai san an yi ba. Ban zauna na ƙulla haka a raina ba, amma jikina ya san hanyar, kamar yadda ƙafa ta san hanyar masallaci.

Ɗan zango ya juya mata. Sai kawai ta ce to. Ta ɗauki waya ta kira ubanta ta tambayi girman idon raga da faɗinta, ta ce wa maƙwabciyarta ta duba mata shago, ta rataya jaka. Ta ce akwai kasuwar kayan su a wancan gefen kogi, idan muka tashi yanzu za mu same su a buɗe.

Wallahi ban zaci haka ba. Na ji zafin to ɗin nan kamar an mare ni, har wani ɓangare na zuciyata ya fara cewa dubi rashin kara, dattijo ya yi magana ko a ce masa bari. Ina cikin wannan sai na ga ɗan zango yana kallona, yana danne dariya.

"Yaya, ko dai jira kake a ce an yafe?"

Na ce Allah ya sauwaƙe.

"To tashi. Mai jirgi ma ba da gangan ya yi ba. Bambancinku shi yana da inshora."

Kunyar ramin kifi ta mutane ce, sun gani sun yi dariya sun watse. Wannan ta biyun ba wanda ya gan ta sai ni da ɗan zango, kuma ita ce ta fi daɗewa. Na ɓata wa mutum abin sana'arsa, na zo da bakina na ce zan gyara, ashe so nake a biya ni da godiya a karo na biyu.

Muka je. Ban san raga tana da tsada haka ba, abin da duk rabinsa huji ne. Ta zaɓa da kanta, tana ja tana duba ƙulli, ta yi ciniki kamar kuɗinta ne, wannan kam na yaba mata. Abin da ke jikina na sarin takalma ne, na zare na bayar har inda zan iya ba tare da na koma gida hannu rabbana ba. Bai kai ya maye duk abin da na wanke ba. Na gaya mata haka, ta ce ta gani. A wannan shekarar kayana ba su cika rabin abin da na saba ba, sai da ɗan zango ya haɗa ni da wani ɗan Nijar muka raba kwantena. Da abokan ciniki a gida suka tambaya, na ce kaya sun yi tsada a Sin, kuma ban yi ƙarya ba.

Kafin in tashi na koma shagon karɓar ɗan abin da na saya. Ta juyo mini da wayarta. Ga hoton kejinsu a jere a kan ruwa, ruwan ya washe. Wasu an ɗaura musu sabuwar raga, kore shar, tsohon yana tsugune a kan katako yana watsa abinci. Na gefensu kuwa katako ne da durom kawai, ruwa yana wucewa ta tsakiya. Na sa yatsa a kansu na tambaye ta da ɗan Turancina yaushe za a cika waɗannan. Ta ce sai kotu ta gama, idan an samu ragowa. Na ce yaushe ke nan. Ta ɗaga kafaɗa.

Na ce ta gaida shi. Ta ce zai ji. Sannan ta jawo kalkuleta ta buga mini kuɗin takalmana, daidai yadda take bugawa kullum, na biya ban nemi ragi ba.